Tiren jatan lande da ƙaguwa da na yi oda daga Barnawa ranar adashinmu

Mu goma sha ɗaya ne a adashinmu, kuma duk Asabar ɗin ƙarshen wata muke haɗuwa a gidan wadda za ta kwasa. Ƙa'idarmu ce mai kwasa ita ke ciyarwa. Shekara huɗu muna wannan zagaye, abincin kuma kusan iri ɗaya ne kowane gida: waina da miyar taushe, ko dambun shinkafa da zogale, ko farfesun kayan ciki, a kora da zoɓo ko kunun aya. Ban raina ko ɗaya ba, da su muka tashi. Amma da kwasa ta zo kaina a watan Agusta, sai na ƙudurta zan ajiye wa matan nan abin da na daɗe ina ba su labarinsa da baki.

Shekara shida na yi a Fatakwal lokacin da maigidan yake aiki can. Wata maƙwabciyata 'yar Kalabari ce ta koya mini cin kayan ruwa, tun ina toshe hanci har na zama ni ke tashinta mu tafi kasuwa da sassafe. A hannunta na san yadda ake gane jatan lande mai kyau, da yadda ake fasa ƙaguwa ba tare da an yi asarar tsokarta ba. Tun da muka dawo Kaduna a 2017, abin da nake samu bai wuce busasshen kirefish na Kasuwar Gumi ba, sai kuma ɗan jatan lande biyu ko uku da ake ɗorawa kan soyayyiyar shinkafa a wajen biki, wanda in kin tauna kamar kin tauna silifa. Na yi kewar abin nan ƙwarai.

'Yata ce ta nuna mini hoton wata baiwar Allah a Instagram da ke dafa abin da yaran yanzu ke kira "sifud boyil", wato dafaffen kayan ruwa. A Barnawa take, a gida take girki, babu wurin zama, sai dai a yi oda a kawo miki. Tana buƙatar a faɗa mata da kwana biyu, a tura rabin kuɗi. Ban tura ko sisi ba sai da na kira ta, domin wanda ya san kayan ruwa ya san ba abin wasa ba ne a garin da ke da tafiyar yini guda cur daga teku.

"'Yar'uwa, daga ina kayanki suke zuwa?" na tambaye ta.

"Daga Legas, Hajiya. A daskare ake ɗoro mini su cikin kula da ƙanƙara, motar dare. Suna isowa sai firiza."

"In aka ɗauke wuta fa?"

Ta ce tana da sola a kan firizar, kuma abin da ta fitar ya narke ba ta mayar da shi. Wannan amsa ta biyu ce ta kwantar mini da hankali, domin narkewa da sake daskarewa shi ke kashe jatan lande: tsokar ta yi laushi kamar dafaffen kabewa, kan ya yi baƙi, ga wani wari mai hawa kai kamar na fitsari. Duk wanda ya ji wannan warin a kayan ruwa, ya zubar kawai, babu yajin da zai gyara shi.

Tambayata ta uku kan sosej ce, kuma ina roƙon duk musulmar da za ta yi odar irin wannan abinci ta yi ta. Asalin girkin daga kudancin ƙasar Amurka yake, musamman jihar Luwiziyana, inda suke dafa ƙananan ƙwarin ruwansu cikin ƙatuwar tukunya tare da masara da dankali da sosej, su juye kan tebur da aka shimfiɗa wa jarida, kowa ya sa hannu. Sosej ɗin da suke sakawa can galibi na naman alade ne. Salon zubawa a leda a kwarara man shanu da tafarnuwa kuma ya yi suna ne a hannun 'yan Biyetnam mazauna can, musamman a birnin Huston. To mai koyon girki a waya tana iya ɗauko komai yadda ta gani. Ita wannan ta ce nata na naman sa ne, ta turo mini hoton ledarsa kafin ma in nema.

Na zaɓi babban tire, naira dubu 95 har da kuɗin kawowa Malali. Kuɗi ne masu yawa, da su zan yi wa matan nan waina da farfesu sau biyu har da canji. Zan dawo kan maganar.

Mun yi da ita ƙarfe huɗu da rabi, bayan la'asar. Bai iso ba sai biyar da minti ashirin. An yi ruwa mai ƙarfi ranar, mai keken ya maƙale kafin ya tsallako kogi, kuma ta kira ni sau biyu tana ba da haƙuri. Na karɓi uzurin, amma abin ya taɓa mu. Matan aure ne, yawancinsu suna son su koma gida kafin magariba, ga masu zuwa Kawo da Rigasa da Tudun Wada. Wannan kuwa ba abincin gaggawa ba ne. Mai sana'a a Kaduna cikin Agusta ya kamata ta sa ruwan sama a lissafinta, ta fito da wuri.

Da aka shigo da shi, na shimfiɗa babbar ledar cin abinci a tsakar falo, na yaye takardar silbar da aka rufe tiren da ita. Ƙamshin da ya tashi ne ya fara yi mini magana: citta da tafarnuwa da soyayyen man shanu, babu ƙarni ko kaɗan. A ciki akwai manyan jatan lande guda 30, kowanne ya kai tsawon tafin hannu, da ƙaguwa takwas, da yankakkiyar masara, da dankalin turawa, da dafaffen ƙwai dozin guda, da sosej, sai ƙananan dodon koɗin ruwa da mutanen Kalaba ke sakawa a miya, wanda ake kira feriwinkil. Romo na cikin wata roba daban, ga lemon tsami an yayyanka a gefe.

Falon ya yi tsit. Goggo, ƙanwar mahaifina da ke zaune wurina, ta leƙo ta ce, "Ke 'yar nan, wannan ba kunama ba ce aka dafa?" Uwar adashinmu, wadda malama ce a Islamiyya, ita ta karɓe zancen. Ta ce a mazhabar Malikiyya da muke bi, abin da ke rayuwa a ruwa halal ne, ba a ma buƙatar yanka shi, kuma Hanafawa ne suka taƙaita a kan kifi. Ni kuma na ce, "Goggo, ke da ba kya wuce mai fara ba ki saya ba? Ai ita ma ƙafafu gare ta da gashin baki, a cire a ci da yaji." Ta yi shiru, ta gyara zama kusa da tiren.

Kafin kowa ta kai hannu, ɗaya daga cikinmu, ma'aikaciyar jinya, ta tsayar da mu. Ta tambaya ko akwai wadda jikinta ba ya karɓar kirefish. Sai ga wata ƙanwarmu ta ce duk ranar da ta ci miyar da aka sa shi, sai borin jini ya taso mata, leɓenta ya kumbura. Aka ce to ko masara da dankalin cikin tiren kada ta taɓa, tunda a ruwa ɗaya aka dafa su. Rashin jituwa da kayan ruwa masu ɓawo yana iya kaiwa ga toshewar numfashi cikin mintuna, in ya kai haka sai asibiti da gudu. Allah ya sa na ajiye waina a kula saboda irin haka. Wannan tambaya mai sana'ar ce ya kamata ta yi mini tun a waya, ba ta yi ba, kuma na faɗa mata daga baya. A garin da mutane da yawa ba su taɓa cin jatan lande ba, mutum bai ma san jikinsa ba.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan. Matsalar dafa kayan ruwa masu ɓawo guda ɗaya ce: ɓawon nan garkuwa ne. Yawancin masu sayarwa suna dafa su a ruwan gishiri salam, su kwashe, sannan su kwarara musu jan romo a kai. A hoto abin gwanin sha'awa. Amma kina ɓarewa, duk daɗin ya tafi da ɓawon, ya bar ki da farar tsoka mai lami. Na ci irin wannan a Abuja bara, na tashi da yaji a yatsu, ba a baki ba. Don haka jatan landen farko da na ɗauka, da gangan na ɓare shi tas, ban tsoma a romo ba, na kai baki. Gishiri ya ratsa shi har ciki. Bayan zaƙin tsokar, sai ɗumin citta ya biyo, sai kanumfari can ƙasa-ƙasa, sai attarugu ya zo daga ƙarshe ya zauna a maƙogwaro. Na san nan take matar nan a ruwan dahuwa take yin aikinta.

Washegari da na kira ta don in yi godiya, na tambaye ta, kuma ba ta ɓoye ba. Ta ce ruwan kaɗai take fara dafawa kusan rabin awa kafin komai ya shiga, da albasa da tafarnuwa da ɗanyar citta da attarugu da masoro da kanumfari da 'yar kimba da lemon tsami, da garin kirefish, da gishirin da ya fi na miya nesa. Dankali ke fara shiga, sai masara, sai ƙaguwa. Jatan lande ne na ƙarshe, minti uku kacal, ta kashe wuta, ta zuba ƙanƙara a tukunyar, ta rufe ta bar su su jiƙa kamar kwata. Ƙanƙarar tana tsayar da dahuwa, kayan kuma su nutse su sha ruwan. Haka masu abin suke yi a Luwiziyana. Sannan tana tsaga bayan kowane jatan lande da almakashi ta zare baƙin zaren nan, wanda hanjinsa ne, kuma ta wannan tsagar yajin ke samun ƙofar shiga. Aiki ne mai cin lokaci, guda 30 ɗaya bayan ɗaya, kuma shi ne abin da masu ha'inci ke tsallakewa.

Ta ce da farko da gwangwanin Old Bay take yi, haɗin yajin da Amurkawa suka saba da shi, amma tun da naira ta faɗi a 2023 ya fi ƙarfinta, sai ta koma kayan ƙamshin kasuwa. A ganina alheri ne ya same ta. Cittar kudancin Kaduna, ta Kachia da ƙasar Jaba, tana da zafi da ƙamshin da ake nema har ƙasashen waje, ga ta a ƙofar gidanmu. Ita ma ta yi tsada tun cutar da ta cinye gonakinta a daminar 2023, amma matar nan ba ta yi rowarta ba. Kimbar ce na ji tsoro da ta ambata, don in ta yi yawa ɗaci take kawowa ta danne komai. Ta san hannunta, ƙamshinta kawai ake ji.

Dahuwar jatan landen ma ta yi daidai. Maƙwabciyata ta Fatakwal ta koya mini dubawa da ido: in ya lanƙwashe kamar jinjirin wata, ya nuna, in ya naɗe kamar gammo, kansa ya taɓa jelarsa, ya wuce, sai tauri. Cikin 30 ɗin nan, uku kawai na ga sun naɗe. Ga wanda ya yi tafiyar kusan awa guda a rufe cikin zafinsa, wannan ƙoƙari ne.

Romon kuwa da man shanunmu na Fulani ta yi shi, ba bota na kanti ba. Ta soya shi da albasa yadda iyayenmu ke yi don kashe gafinsa, ta zuba tafarnuwa mai yawa da garin tattasai da ɗan ruwan dahuwar. Gardinsa ya fi na bota, kuma shi ne ya sa matan da ke ɗari-ɗari suka saki jiki, domin hancinsu ya gane wani abu na gida. Dankalin ya sha romon har tsakiya, irin ƙananan nan na Jos masu santsi, ba su farfashe ba. Ƙwan an tsattsaga shi kafin a jiƙa, shi ma ya ɗauka. Wata ta ce a kawo yajin ƙuli, na kawo, muka gwada. Ban so shi ba, ƙulin yana rufe zaƙin tsokar, sai ki ji kamar tsire kike ci. Matsa lemon tsami kaɗai ya wadatar. Wata kuma ta ce da an jefa daddawa a ruwan, nan ma ban yarda ba, warinta zai yi kokawa da na teku.

Ƙaguwar ce ta ba ni kunya. Cikin takwas, uku ne masu nauyi, sauran biyar in kin ɗaga sai ki ji sakayau, kin fasa ki tarar da ruwa da 'yar tsoka kamar zare. Ƙaguwa da nauyi ake sayenta, ba da faɗin baya ba, wadda ta sake ɓawo kwanan nan fanko ce. Daskarewa ma ba ta yi mata kyau kamar yadda take yi wa jatan lande. Sannan ba a fasa awartakinta ba, ba a kuma haɗo da abin fasawa ba. Sai da na aiki yarinya ta ɗauko ƙaramar taɓaryar daka yaji, muka riƙa bugawa a kan faranti, ɓawo na tsalle har kan kujera. Na nuna musu yadda ake ɗaga murfin cikin, a cire abubuwan nan masu kama da yatsu da take numfashi da su, don ba a cinsu. Da ban san wannan ba, da wasu sun tauna. Mai sayar wa Hausawa ƙaguwa ya kamata ta tsaga ta gida biyu, ta gyara, ta ɗan fasa hannuwan tun daga kicin. Masarar ma rabi ta tsufa, abin da ba shi da dalili a watan Agusta, lokacin da sabuwa ke zube a kowace kwana ta garin nan. Feriwinkil kuwa ni da mutum biyu kawai muka iya tsotsa, sauran sun gwada sun bari. Da an rage shi an ƙara jatan lande.

Ta haɗo da safar hannu ta leda da wani ƙyallen leda na ratayawa a wuya. Na wuyan ya yi amfani, don akwai masu leshi da atamfa mai tsada, kuma jan mai ba ya fita da sauƙi. Safar hannun kuwa babu wadda ta kai minti biyar da ita. Tana zamewa, ƙayar kan jatan lande tana huda ta. Muka cire, na kawo buta da roba da sabulu kamar yadda aka saba, aka wanke hannu aka ci. A nan ne na ga abin da ban zata ba. Abincin daga wata duniya ya zo, amma zamansa namu ne: tire ɗaya a tsakiya, a kewaye shi a ƙasa, a ci da hannu. Ya ma fi tuwo riƙe mutane, domin kowace loma sai an yi mata aiki. Shekara huɗu muna taron nan, kowa da farantinta a cinya da waya a ɗaya hannun. Ranar babu mai iya taɓa waya, hannu duk mai. Wadda ta iya tana ɓare wa wadda ba ta iya ba. Uwar adashi da wata da suka ɗan yi tsamin dangantaka tun kan jinkirin zubin watan Mayu, na gansu suna fasa ƙaguwa ɗaya, ɗaya ta riƙe ɗaya na bugu. Goggo ta ci jatan lande huɗu, ta tsotse kawunansu kamar yadda ta ga ina yi, ta ce wannan romon na cikin kai ya fi tsokar. Gaskiya ta faɗa, can daɗin yake taruwa.

Aka kira magariba muna kai. Bakwai suka kira gida suka ce za su ɗan makara, muka yi salla a ɗakina, muka dawo muka ƙarasa. Ƙarnin hannu da ɓawon lemon tsamin da aka matse muka goge shi kafin sabulu, ya fita tas. Abin sha, zoɓo mai citta ya fi dacewa da shi. Kunun ayan da na yi ya yi nauyi a kan man shanu, kusan rabinsa ya kwana.

Maganar kuɗi: tiren ya ishi mutum goma a matsayin abin taɓawa da hira, amma ba zai ƙosar da su ba. Da babu waina, da wasu sun koma gida sun nemi tuwo. Jatan lande kusan uku-uku ne ya zo kan kowa. Wanda zai yi lissafin ƙoshi, kada ya fara. Ni na san nisan da kayan suka yi, da kuɗin ƙanƙara da mota da riƙe firiza, don haka ban ga ta zalunce ni ba a kan jatan landen. A kan ƙaguwa biyar ɗin nan ne nake jin an ci kuɗina, kuma da na faɗa mata ba ta yi musu ba, ta ce za ta canza mai ɗoro mata. Ragowar, wadda ba ta wuce dankali da ƙwai biyu ba, na sa a firij tun kafin isha, don kayan ruwa ba sa son su wuce awa biyu a waje bayan an sauke.

Ɓawon da kawunan da ba a taɓa ba ban zubar ba. Na wanke, na tafasa su da albasa da safe, na tace, na dafa wa maigidan shinkafa da ruwan. Ya tambaya me na sa a ciki.

Zan sake yin oda a wurinta, amma da sharuɗɗa: jatan lande zalla da dankali da ƙwai da sabuwar masara, babu ƙaguwa sai na ga canji, a bar safar hannu, a ninka lemon tsami, kuma ya iso ƙarfe huɗu ko da ana ruwa. Wadda za ta kwasa a watan Oktoba ta riga ta karɓi lambarta a wurina, ta kuma roƙe ni in zo da wuri, in taho mata da ƙaramar taɓaryar.